AIBIN GIDA: ABIN DA SHARI'A TA TANADA KAFIN A ƘULLA CINIKI

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta wa bayinsa saye da sayarwa, ya kuma haramta musu ha'inci da cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaida amanarsa a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda take yawan kai mutane gaban alƙali, watau mutum ya tashi sayen gida, ya kai magini ko ma'aikacin safiyo ya duba masa, sai a gano wani aibi a jikin ginin ko a cikin takardunsa. Shin me ya kamata ya yi? Mene ne haƙƙinsa, mene ne kuma haƙƙin mai sayarwa? In kuwa aibin bai bayyana ba sai bayan ya biya kuɗi ya tare, ina mafita?

Wannan tambaya tana da nauyi ƙwarai a garuruwan arewacin Jihar Zamfara. Ƙaura Namoda ta cika da baƙi tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso ta a 1929, aka riƙa kwasar gyaɗa da auduga daga can, sa'an nan buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983 ya ƙara yawan masu neman ɗakunan haya. Shinkafi kuwa kasuwarta ta ranar Alhamis ta daɗe tana jawo fatake, har daga Jamhuriyar Nijar. Ga kuma rashin tsaro na shekarun nan, wanda ya tilasta wa mutanen ƙauyuka da yawa barin gidajensu, suka nufo Zurmi da Shinkafi da Ƙaura suna neman wurin da za su sa iyalansu. Wanda ke cikin wannan hali gaggawa yake yi, mai gaggawa kuwa shi ne aka fi saurin ɗora wa ruɓaɓɓen gida.

WAJIBIN MAI SAYARWA

Tushen hukuncin yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29, inda Allah ya hana muminai cin dukiyar junansu ba bisa haƙƙi ba, ya ɗora halaccin ciniki a kan yardar ɓangarorin biyu. Malamai suka ce yarda ba ta tabbata sai da sani, domin wanda ya yarda da gida yana zaton azararsa lafiya ƙalau, alhali gara ta cinye ta, to, ba wannan gidan ya yarda da shi ba.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci ya tsiba shi, sai ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi. Mai abincin ya kawo hanzari cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya zarge shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani ba, ya kuma nesanta kansa daga duk mai algus. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu abin da ke nuna cewa gaskiya da bayyana aibi su ne ke jawo albarka a ciniki, ƙarya da ɓoyewa kuwa su ne ke shafe ta.

A kan haka malaman mazhabar Malikiyya suka wajabta wa mai sayarwa ya bayyana duk aibin da ya sani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ƙara da cewa bayanin ya zama filla-filla, ko dai ya siffanta aibin ko ya nuna shi, kada ya dunƙule magana. Saboda haka abin da wasu ke yi na cewa "ga gida nan, na sayar maka yadda ka gan shi, ba ruwana da abin da ya biyo baya" bai kuɓutar da su daga aibin da suka sani suka yi shiru a kansa ba. Mafi muni shi ne wanda ya ga katanga ta tsage, ya sa aka shafe tsagar da yaɓe, aka bi da fenti ana gobe masu saye za su zo. Wannan daidai yake da wanda ya bar akuya kwanaki bai tatse ta ba don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, abin da Annabi ya hana, ya kuma ba mai saye damar mayar da dabbar. Sunan wannan aiki a fiƙihu tadlisi, kuma in gidan ya rushe ta dalilin aibin da aka ɓoye, hasarar tana kan mai sayarwa, sai ya mayar da kuɗin dukkansu.

DUBAWA KAFIN ƘULLAWA

Duk da wannan kariya, shari'a ba ta ce mai saye ya rufe ido ba. Ya halatta, kai ya ma dace, ya ɗauki masanin gini ya biya shi lada don ya duba masa. In gidan ƙasa ne, a duba gindin katanga ko gishiri ya ci shi, a ƙwanƙwasa azara a ji ko gara ta rarake ta, a hau soro a ga daɓensa da indararo. In na bulo da siminti ne, a lura da tsagar da ta bi ta kusurwar ƙofa ko taga tana faɗaɗa, domin sau da yawa alama ce ta harsashin gini ya zauna, sa'an nan a duba kwano da katakon rufi da wayoyin lantarki. A auna tazarar da ke tsakanin masai da rijiya, a ɗanɗana ruwan rijiyar, a kuma bi magudanar ruwa a ga inda take zubarwa, ko a kwata ko a gidan maƙwabci.

Akwai aibin da rani ke ɓoyewa. Gidan da ke cikin kwari, ko kusa da gulbi kamar unguwannin da ke gefen Gagare a Ƙaura Namoda, yana iya zama bushe sarai a watan Maris, amma a watan Agusta tsakar gidan ta zama tafki. Shaidar wannan tana jikin bango, inda ruwa ke barin zane, tana kuma bakin maƙwabta. Maƙwabcin da aka nemi shawararsa ya faɗi gaskiya bai yi giba ba, nasiha ya yi, kuma malamai irin su Imamun Nawawi sun lissafa gargaɗin mai saye game da aibin haja cikin wuraren da ambaton aibi ya halatta.

Shi kuwa magini ko ma'aikacin safiyo, amana ce aka damƙa masa. In ya karɓi wani abu a hannun mai gida ko dillali don ya kau da kai, ya ci rashawa, ya kuma yi shaidar zur. In ya ƙara gishiri don ya faranta wa wanda ya ɗauke shi, ya zalunci mai gida.

HANYOYI HUƊU GA WANDA YA GANO AIBI

To, an duba, an gano aibi, ciniki bai ƙullu ba tukuna. A nan mai saye yana da hanyoyi huɗu, dukkansu halal. Ta farko, ya fasa, kuma babu laifi a kansa, domin taya gida ba sayensa ba ne. Ta biyu, ya nemi a rage kuɗi gwargwadon abin da gyaran zai ci, bayan masu sani sun ƙiyasta. Ta uku, ya ce mai gida ya gyara tukuna, a ambaci irin gyaran da lokacin gama shi, in an gama a sake dubawa sa'an nan a ƙulla. Ta huɗu, ya karɓi gidan yadda yake a kan kuɗin da aka ambata, don wata maslaha da ya hango, kamar kusanci da masallaci ko kasuwa ko danginsa.

Sai dai lalle mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida da kyau: duk aibin da mai saye ya sani kafin ƙulla ciniki, ya kuma ƙulla a kan haka, to, haƙƙinsa a kan wannan aibi ya faɗi. Ba shi da damar mayar da gida saboda shi, ba shi kuma da damar neman ragi daga baya. Mutane da yawa sukan ji nauyin mai gida, musamman in ɗan'uwa ne ko dattijo, su yi shiru a wurin ciniki suna cewa a ransu za a daidaita daga baya. Wannan kunya ba ta da amfani gaban alƙali. Lokacin magana shi ne kafin a ce "na saya", a ce "na sallama".

CINIKIN ZAƁI DA KAFIN ALƘALAMI

Wani zai ce, in ya tsaya bincike wani zai riga shi, musamman yanzu da masu neman gida suka fi gidajen yawa. Shari'a ta buɗe ƙofa ga wannan, ita ce cinikin hiyari, watau zaɓi. Ana ƙulla cinikin a kan kuɗi sananne, da sharaɗin mai saye yana da zaɓin zartarwa ko fasawa zuwa wani lokaci da aka ambata. Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo wannan a cikin Risala, kuma abin da Malikawa suka tafi a kai shi ne lokacin zaɓi a gida yana kaiwa wata guda ko abin da ya yi kusa da haka, saɓanin dabba ko tufa da ake ba kwanaki kaɗan. A cikin wannan wata mai gida ba zai sayar wa wani ba, mai saye kuwa zai sami sukunin kawo magini, da tambayar maƙwabta, da zuwa ofishin filaye. In ya dace da damina, ruwan sama da kansa zai ba da shaida a kan rufin.

Wannan ciniki yana da sharuɗɗa. Ba a shardanta biyan kuɗi a cikin lokacin zaɓi, domin kuɗin zai kasance yana yawo tsakanin rance da farashi, amma in mai saye ya bayar don ganin damarsa bayan an ƙulla, babu laifi. Ba a yarda ya tare da iyalinsa a gidan kyauta ba. Kuma in wani abu ya sami gidan kafin lokacin ya cika, kamar gobara ko rushewa, hasarar ta mai sayarwa ce, domin har yanzu mallakarsa ne.

Game da kafin alƙalami kuwa, in an bayar da shi a kan cewa za a lissafa shi cikin kuɗin gida in ciniki ya faɗa, a mayar wa mai shi in bai faɗa ba, wannan halal ne babu saɓani. Amma in an shardanta cewa mai gida zai cinye shi in mai saye ya fasa, Imamu Malik ya hana, da wannan mas'ala ma ya buɗe babin ciniki a cikin Muwaɗɗa. Hambalawa sun halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta bi ra'ayinsu a zamanta na Burunai a 1993, da sharaɗin a iyakance lokacin jira. Ko a bisa wannan ra'ayi, wanda ya fasa saboda aibin da aka ɓoye masa ba a cinye masa kuɗi, domin laifin ba nasa ba ne.

IN AIBI YA BAYYANA BAYAN AN ƘULLA

A nan ne mai karatu zai gane dalilin da ya sa aka matsa a kan dubawa tun da wuri. Wanda ya sayi sa ko raƙumi a kasuwar Shinkafi, ya gano tsohon aibi mai rage kuɗinsa, yana da damar mayarwa. Gida kuwa hukuncinsa dabam ne a wurin Malikawa, domin da wuya a sami gida marar aibi, kuma aibin sashe ɗaya yakan gyaru ba tare da ya shafi sauran ba. Saboda haka suka kasa aibin gida kashi uku, kamar yadda Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, ya tsara a cikin Tuhfatul Hukkami, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi.

Kashi na farko shi ne ƙaramin aibi wanda bai rage kuɗin gida ba, kamar karyewar zanko ko zubar ɗan yaɓe. Wannan babu mayarwa, babu kuma ragi.

Kashi na biyu shi ne matsakaici, wanda ya rage kuɗin gida amma bai kai sulusi ba, kamar tsagar katanga wadda ba a tsoron gidan ya faɗi saboda ita. A nan mai saye ba shi da damar mayar da gida, sai dai a biya shi arshi, watau kuɗin aibin. Yadda ake fitar da shi kuwa, masu sani za su yi wa gidan kuɗi yana lafiyayye, su sake yi masa yana da aibin, a duba abin da ya ragu. A misali, in sun ce lafiyayye ya kai naira miliyan 10, da aibin kuma miliyan 9, to, ushiri ne ya ragu. In mai saye ya biya miliyan 8, sai a mayar masa da ushirin abin da ya biya, watau naira 800,000.

Kashi na uku shi ne babban aibi, wanda ya ci sulusin kuɗin ko fiye. A nan mai saye yana da zaɓi, ko ya riƙe gidan yadda yake, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Waɗansu malamai sun ƙaddara babban aibi da rubu'i, amma sulusi shi ne abin da mai Tuhfa ya tafi a kai. An kuma haɗa da wannan kashi tsagar da ake tsoron gidan ya rushe saboda ita, da duk aibin da ya yanke wani amfani na gidan. Shehu Halilu ya ba da misalin rijiya mai zartsi a unguwar da rijiyoyinta ke da ruwan daɗi.

Sharaɗin duk wannan shi ne aibin ya kasance tsoho, ya riga ciniki, kuma ɓoyayye ne wanda mai saye bai sani ba. In an yi jayayya a kan tsufansa, alƙali yana komawa ga masana gini. Wanda ya gano aibi kuwa ya gaggauta magana, domin masu sharhin Muhtasar sun ce shirun da ya wuce kwana biyu ba tare da uzuri ba alama ce ta yarda, haka nan sa gidan a kasuwa ko shiga rushe-rushe da gine-gine a cikinsa bayan an sani. Amma zama a cikin gidan lokacin da ake shari'a bai zubar da haƙƙinsa ba. In kuma ya riga ya sa 'yan haya, kamar yadda masu sayen gidaje kusa da kwalejin Ƙaura ke yi, kuɗin hayar da ya karɓa kafin a warware ciniki nasa ne, domin a lokacin shi ke ɗauke da lamunin gidan. Dillali kuma yana mayar da la'adar da ya karɓa a hannun mai gida in an warware cinikin, sai fa in mai gidan ne ya ɓoye aibi da gangan ba da sanin dillalin ba.

AIBIN DA BA YA JIKIN BANGO

Akwai aibin da magini ba ya gani, alhali ya fi tsagar katanga haɗari, shi ne aibin mallaka. A ɗauka wani ya zo Zurmi daga ƙauye, aka nuna masa gidan gado, babban ɗa ya sayar masa, alhali ba a raba gadon ba, akwai mata a gidajen aurensu da marayu ƙanana da ba a shawarci waliyyinsu ba. Wannan ɗa ba shi da ikon sayar da rabon da ba nasa ba, cinikin rabon sauran yana tsaye a kan yardarsu. Ko rabonsa kaɗai ya sayar, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, watau su biya mai saye abin da ya biya su karɓe rabon, kuma wanda yake nan ya sani, haƙƙinsa bai faɗuwa sai shekara ta wuce. Haka nan gidan da aka jinginar, ko wanda aka yi waƙafinsa, ko wanda katangarsa ta ci hanya ko filin maƙwabci.

Maganin wannan shi ne a tambayi mai unguwa da dagaci da dattawan unguwa tarihin gidan, a nemi takardar rabon gado daga kotu, a sa ma'aikacin safiyo ya gwada iyakoki da abin da ke rubuce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma shardanta amincewarsa kafin a sauya mallakar filin da ke da takardar shaidar mallaka ta jiha. Bin wannan bai saɓa wa shari'a ba, hanya ce ta tsare dukiya. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Saboda haka a rubuta aibin da aka gani ɗaya bayan ɗaya, da abin da aka daidaita a kan kowanne, shaidu adalai su sa hannu.

JAN KUNNE GA MAI SAYE

Kamar yadda aka hana mai gida ɓoyewa, haka aka hana mai saye tauyewa. Daga cikin laifuffukan da Annabi Shu'aibu ya gargaɗi mutanen Madyana a kansu akwai tauye wa mutane kayansu, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi da Suratu Hudu. A yau akwai masu sayar da gidajensu ba don suna so ba, wani don jinya, wani don ya fanso ɗan'uwansa daga hannun 'yan bindiga. Wanda ya sami ɗan aibi a gidan irin wannan bawan Allah, ya kambama shi don ya karya kuɗin, ko ya bi gari yana ɓata gidan don kada kowa ya taya sai shi, ya sani cewa Allah yana ganinsa. A rage abin da aibin ya ci, kada a ƙara ko kwabo.

In kuwa ciniki ya riga ya ƙullu, ɗayansu ya yi nadama alhali shari'a ba ta ba shi damar warwarewa ba, to, an so ɗan'uwansa ya yafe masa ya karɓi fasawar, wannan shi ake kira iƙala. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke yi wa mai yin haka albishir da yafewar Allah. Gida wurin salla ne da renon 'ya'ya, bai kamata a aza harsashinsa a kan haƙƙin wani ba.

Allah ya azurta Musulmi da halal, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu zuwa garuruwansu cikin aminci, ya zaunar da Zamfara da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Amin.